Jimina da Dutsen da Ta Haɗiye

An yi wani Damo mai haƙuri da ya kafa ƙungiyar masu tsintar duwatsu a bakin wata ƙorama. A cikinsu akwai Bushiya, uwar tambaya, wadda ko tsakuwa ta taka sai ta nemi jin asalinta. Akwai kuma Jimina, wadda ba ta iya ganin abu mai kyau a hannun wani ta yi barci.

Dokarsu ɗaya ce: duk abin da aka tsinto a jera shi a kan falalen dutse, kowa ya kalla ya more.

Wata safiya bayan ruwa ya janye, suka fita nema. Damo ya samo jan aƙiƙ, wani dutsen ado mai zane-zane. Bushiya kuwa ta yi ta tonon yashi har ta ci karo da wani dutse mai tsini, garau kamar ruwan randa. Da ta ɗaga shi a rana, sai launukan bakan gizo suka zubo a bayan Damo.

"Malam Damo, wa ya feƙe shi haka? Kuma ta ina launukan nan suka shiga?"

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan. Kai shi kan falale mu duba tare."

Jimina ta miƙo dogon wuyanta. "Mu gani." Kafin Bushiya ta buɗe baki, ta cafke dutsen ta haɗiye, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ayya, suɓuce mini ya yi."

"Ƙarya kike, Yaya Jimina. Ina kallon maƙogwaronki lokacin da yake gangarawa."

"To, na haɗiye ɗin. Abin da ke cikina nawa ne. Mai ƙarfi ya zo ya ƙwata."

Bushiya ta dunƙule don baƙin ciki.

Ba a jima ba tsinin dutsen ya fara sukar Jimina. Ta zube a yashi tana nishi. "Malam, yaushe zai fito?"

Damo ya girgiza kai. "Cikinki ai dutsen niƙa ne. In ma ya fito, yashi zai fito."

Jimina ta yi kakari, ta yi tsalle, ta karkaɗa wuya, a banza. Can ta ɗago kai ta ga su biyun sun duƙufa a kan jan aƙiƙ suna bin zanensa da ido. Ta matso a sanyaye, kunya ta ishe ta.

"Bushiya, ƙanwata, don Allah gaya mini. Dutsen nan nawa, yaya kamanninsa suke?"

Darasin wannan labari shi ne, mai haɗama yakan ƙwace abu ya hana kowa, sannan shi ma ya rasa daɗinsa. Wanda ya tsaya ya kalli abu da kyau ya fi wanda ya ɓoye shi mora.