Saƙon Goronyo da Mai Marina Ya Haɗiye

An yi wani mutum a Wurno, zamanin Turawa, a shekarun nan da ake ɗibar samari soja ana kai su Bama. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa suna nan da ransu, wataƙila ma wani yana zaune cikinku. Mai marina ne. Karofi, wato ramin rini, goma sha huɗu ya gada wurin mahaifinsa, da rumfar bugu, ga mutum goma sha biyu suna yi masa aiki.

Waɗanda suka ga lokacin sun ce tufa ta yi wuya ƙwarai. Yadin kanti ya ɓace, ɗan abin da ake samu kuwa sai mai hali. Saboda haka in salla ta matso, kowa tsohuwar rigarsa yake ɗaukowa ya kai a rina, a buge, ta fito tana ƙyalli kamar sabuwa. Daga Rabah a zo, daga Marnona a zo, daga Lahodu a zo, har jakuna su rasa wurin tsayawa a ƙofar marinarsa. Goman ƙarshe na azumi ita ce kakar mutumin nan, ita yake jira duk shekara.

Kada ku ce marowaci ne. Wallahi ba marowaci ba ne, kuma wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro cikin labarinsa. Ya san lokacin salla zuciyar ma'aikaci gida take, don haka yake kashe musu baki da alheri. Ana kiran magariba za a fito da kunun tsamiya da ƙosai da fura mai nono, a bi da tuwo, a bi da goro. Yakan ɗinka wa kowannensu rigar salla tun tsakiyar azumi. Yakan buga ƙirji a zaure ya ce, "Mutanena ba su zuwa ko'ina, ni na san abin da ni ka ba su."

Cikin mutanen nan akwai Yari, mutumin Goronyo, shekararsa goma sha bakwai a marinar. Shi ne idon wurin. Ya leƙa karofi ya dubi kumfa, ya shinshina, ya ce wannan yana son toka, wancan a bar shi ya huta. Maigidan kansa bai san rabin abin da Yari ya sani ba, kuma ya san bai sani ba. Yari yana da tsohuwa a Goronyo, Fatsuma, shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'yan da ta haifa.

Ran ashirin da biyu ga azumi, da hantsi, wani falke mai suna Abdulƙadiri ya biyo da jakunansa daga Goronyo, ya yi sallama a zaure. Ya ishe maigida shi kaɗai. Ya ce, "Maigida, Yari ni ka biɗa. Tsohuwatai ta kwanta, jiki ya yi tsanani, sunanai kaɗai ta ka kira. An ce shi taho yau."

Mutumin ya yi salati, ya ce, "Tahi abinka kada kasuwa ta wuce ka. Ni da kaina za ni hwaɗa mai."

Ya 'yan uwa, tsakanin zauren nan da inda Yari yake tsugune bai kai taku arba'in ba. Mutumin ya miƙe da niyyar isar da saƙo, ban hana masa wannan ba. Amma a hanya idonsa ya faɗa kan tulin riguna da rawuna da wani attajirin Rabah ya aiko, ba a ko taɓa su ba. Sai ya tsaya. Shaiɗan ya zo masa da lissafi mai daɗi: ciwon tsofaffi ai yau a kwanta ne gobe a tashi, kwana takwas ne kawai, in salla ta wuce shi da kansa zai ba Yari jaki da goro ya kai mata. Ya ƙarasa bakin karofin, Yari ya ɗago kai, sai ya ce masa, "Sannu da aiki." Da aka sha ruwa ya zaɓi goro mafi girma ya miƙa masa.

Bayan kwana uku Abdulƙadiri ya sake biyowa, fuska ba walwala. Ya ce tsohuwa ta cika jiya da la'asar, an kai ta. Ya ce kwana biyu tana sa a ɗaga mata asabari ta ga ko ɗanta ne ke tafe. Sannan ya tambaya, "Mi ya hana shi zuwa?"

Ku saurari abin da baki mai azumi ya faɗa. Ya ce, "Na hwaɗa mai tun rannan. Ya ce sai ya ƙare aikin da ag gabanai."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Kun ji? Ya hana ɗa ganin uwarsa, sannan ya ɗora wa ɗan laifin. Abdulƙadiri ya riƙe baki, ya kaɗa jakunansa ko leƙa marinar bai yi ba, don ya ce ba ya son ganin fuskar irin wannan ɗa. Kafin kwana biyu duk unguwarsu a Goronyo ta san Yari ya zaɓi rini a kan mahaifiyarsa.

Shi kuwa Yari, bawan Allah, yana can yana aiki, hannu baƙi ƙirin har gwiwa. Har wani zanen saƙi ya saya, yana tsoma shi in ya sami sarari, ya ce na Inna ne, da shi za ta yi salla. Maigida yana gani, yana wucewa. Mi ke cikin ƙirjin mutum da zai iya kallon wannan ya tafi ya yi asham?

Ranar jajibir marina ta cika maƙil, masu karɓar kaya suna ta hayaniya, sandunan bugu suna tashi kamar ana sussuka. Sai ga wata dattijuwa daga Goronyo, Laraba, maƙwabciyar marigayiya, ta zo karɓar zannuwan 'ya'yanta. Ta hangi Yari yana dariya da abokan aikinsa. Ya taso da murna ya durƙusa, ya ce, "Gwaggo Laraba, sannu da hanya. Ina Inna? Ga zanenta nan, in kin riga ni isa ki kai mata."

Laraba ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Kai, ba ka da kunya? Wace Inna? Wadda tak kwana ukku tana kiranka kaƙ ƙi zuwa? Yau kwananta biyat cikin ƙasa, kai kana nan kana wangale baki!"

Zanen ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Wa ar rasu?" Ya sake cewa, "Gwaggo, wa ar rasu?" Da ta ga yadda idonsa ya koma, sai ta gane bai sani ba, ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, tana cewa ai sau biyu aka aiko Abdulƙadiri wurin maigidansa.

Sandunan bugu suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Yari ya taka har gaban mutumin, a gaban jama'a, ya ce, "Maigida, gaskiya na?"

Mutumin ya kama kame-kame. Ya ce, "Don kai niy yi, Yari, kada hankalinka shi tashi ga tsakar aiki. Na so in salla ta wuce..."

Yari bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba. Ya je bakin randa ya wanke hannunsa, ya ɗauki zanen daga ƙasa ya kakkaɓe, ya kama hanyar Goronyo a ƙasa, da azumi a bakinsa, rana tana tsaka.

Sai babban mabugi ya miƙe, ya shiga rumfa ya ɗauko rigar sallar da aka ɗinka masa, ya ajiye ta gaban maigida. Ya ce, "Ni ma ina da tsohuwa Marnona. Wa as san ko tana da rai?" Ya fita. Na biyu ya ajiye tasa, na uku ya ajiye. Mutumin yana bin su yana roƙo, yana tuna musu kunu da fura da goro, yana alkawarin abin da bai taɓa yi ba. Ko waiwaye babu wanda ya yi. Kafin la'asar riguna goma sha ɗaya ne jibge a gabansa, marina ba kowa.

Kayan mutane fa suna cikin karofi, waɗansu jiƙe a tule, waɗansu sun bushe ba bugu. Ya naɗe hannun riga ya shiga da kansa, ya zuba toka inda ba a so, ya tsamo abin da bai nuna ba. Rigunan Rabah suka fito dabbare-dabbare, waɗanda suka daɗe a ruwa suka riƙa yagewa a hannu. Da safe ana tafiya idi, ƙofar gidansa cike take da mutanen da ba su da abin sa wa. Ku tuna, waɗansu rigar ke nan gare su a duniya.

Aka kai shi gaban alƙali, jakunansa suka tafi, gonarsa ta fadama ta bi. Wannan duk mai sauƙi ne. Ya nemi sababbin ma'aikata har Rabah, duk wanda ya ji sunan marinar sai ya ce Allah ya sawwaƙe. Karofi kuwa in ba a motsa shi mutuwa yake yi. Guda goma sha huɗun nan suka mutu, suka yi wari, aka cike su da ƙasa don kada awaki su faɗa. Ya zama in ya ce an ga wata, sai an tambayi wani. Ko sallama ba a ba shi ya kai gidan maƙwabci.

Bayan shekara huɗu, ya rame, ya tsufa ba lokacin tsufa ba, ya tafi Goronyo a ƙasa. Ya ishe Yari a bakin wani ɗan karofi nasa na kansa. Mutumin da ake durƙusa wa shi ya durƙusa. Ya ce, "Malam Yari, na zaka neman gahwara."

Yari ya tsame hannunsa daga karofi, ya dube shi. Sannan ya ce, "Abin da kay yi min na yahe, duniya da lahira. Amma ba ni kaɗai kaz zalunta ba. Wadda tam mutu tana zaton ɗanta ya ji kiranta ya ƙiya, tana can gabas da gari. Tahi ka roƙe ta."

An ce mutumin ya je, ya tsaya bakin maƙabarta har rana ta yi sanyi. Bai ma san wanne ne kabarin ba.

Ya 'yan uwa, salla tana tafe, kuma da yawa cikinku akwai masu aiki ƙarƙashinsu, a shago, a gona, a wurin ɗinki. Ku ciyar da su, ku tufatar da su, wannan alheri ne. Amma tuwonka bai sayi uwar mutum ba, rigarka ba ta sayi gidansa ba. Ma'aikaci yana zama ne wurin wanda ya amince wa, wanda ya san in an aiko daga gida za a gaya masa, in ya ce zai tafi za a ce Allah ya kiyaye hanya. Da mutumin nan ya saki Yari kwana uku, da ya dawo masa da sauran rayuwarsa, sauran kuma suna gani. Saƙo amana ne, ko da kalma ɗaya ce. Kuma akwai haƙƙin da in ka ɗauka, mai yafe maka shi ya riga ya shiga ƙasa.

Wanda ya san yana riƙe da maganar wani a cikinsa, kada ya kai gobe. Allah ya sa mu sauke amana tun masu ita suna jin muryarmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana waɗanda ke ƙarƙashinmu daga sharrin kwaɗayinmu. Amin.