Tsohon Ƙwaro da Murfin Barau

Ranar Juma'a, tara ga watan Rajab, Barau Sarkin Noma ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ni, Malam Ilu, na lalata masa wake da karatun boko. Ni na koya wa garin nan zuba wake a duro a liƙe bakinsa. Nasa ya zama gari, sai yaran da na koyar da iyayensu suka koma kirana Malam Dusa.

Na kai ƙara gaban dagaci, aka kira Barau. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, kafin hukunci ka ji labarin wani tsohon ƙwaron wake."

Ya ce, "Muna ji, Malam."

Na ce, "An rufe tsohon nan da jikokinsa a cikin duro. Jikoki suka hau murna: 'Kaka, ga abinci har wuya!' Ya ce, 'Ku zauna, marasa wayo, ku ji abin da ya sami garwashi.

"'Garwashi ya yi wa maƙeri gori, wai muddin akwai gawayi ba zai mutu ba. Maƙeri ya ajiye zugazugi, ya kifa masa tukunya. Da aka buɗe, gawayi na nan, garwashi ya mutu. To, jikinmu ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne da murhunsa. Abinci ne gawayin, iska ke cinna shi ya zama ƙarfi. Ta cikin duron nan kuwa ta kusa ƙarewa. A kan abinci za mu mutu.'

"Sun fara sandarewa ke nan, sai murfi ya ɗaga. Wani mutum ya leƙo yana cewa, 'Wayyo wakena, sha iska.' Kullum da safe haka. Tsohon ya ce wa jikokinsa, 'Ku yi wa bawan Allahn nan addu'a, ku ci, ku hayayyafa.'"

Dagaci ya waiwaya. "Sarkin Noma, ka san mutumin?"

Barau ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, tausayi ne. Ai Malam da bakinsa ya ce wake ma yana numfashi."

Na ce, "Na faɗa! Na kuma ce kada a buɗe sai ranar kai shi kasuwa. Ka ɗauki rabin magana, ka biya ni da zagi."

Dagaci ya ce, "Na gane. Ƙwari ka kiwata, Barau, Malam ba shi da laifi. Ba shi haƙuri a nan, a wuce wurin."

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ba a zauren nan aka ci mutuncina ba. Juma'a mai zuwa, bayan an sallame, ya tsaya inda ya tsaya, ya ɗaga murya kamar yadda ya ɗaga, ya faɗi wanda ya buɗe murfin, ya nemi gafarata. A kuma tara yaran su ji."