Warin Bunsurun Ladidi

Dalilin da ya sa bunsuru yake wari, yara, ku gyara zama ku ji. A da can ba haka yake ba. Ƙamshin ɗanyar ciyawa jikinsa yake yi, har ɗaki ake barinsa ya shiga.

A wani ƙauye an yi wani majemi, Malam Barau, mai 'ya'ya biyu, Cindo da ƙanwarsa Ladidi. Ya ba Cindo ɗan rago ya kiwata, ya ba Ladidi ɗan bunsuru. Ladidi ta ɗauki son duniya ta ɗora wa nata. Ita ke kai masa harawa, ita ke ba shi ƙasari, duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita.

Da Babbar Sallah ta matso, Malam Barau ya dudduba dabbobin, ya dafa ragon ya ce, "Bana da wannan za mu yi layya."

Shi ke nan gida ya koma na Cindo. Aka wanke ragon fes, aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Maƙwabta suna leƙowa suna cewa, "Kai, Cindo ya iya kiwo!" Inna ta ce shi za a fara ba hanta.

Ladidi ta ce, "Baba, nawa fa? Ai shi ma ya yi ƙiba."

"Naki ma ya isa layya, 'yata, amma ragon ya fi."

Wannan "ya fi" ɗin ya tsaya mata a rai.

Ranar jajibere da rana tsaka, kowa ya kishingiɗa, Ladidi ta lallaɓa bayan gida inda babanta yake tsuma fatu. Ta toshe hanci, ta cika ƙwarya da ruɓaɓɓen ruwan jima. A ranta ta ce, "In rago ya yi ɗoyi, dole a ɗauki nawa." Ta nufi turke tana sanɗa.

Bunsuru ya hango ƙwarya, ya zaci ƙasarinsa ne. Ya rugo ya ɗora mata ƙafafu a ƙirji. Ƙwarya ta kife masa tun daga ƙaho har wutsiya.

Malam Barau ya fito. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi turken rago, ya dubi 'yarsa. Abin da ya ce kawai, "Je ki wanke shi."

Ta wanke da toka, ta wanke da sabulun salo, hannunta har ya saɓule. Wari ya zauna daram.

Washegari da aka sauko daga idi, Cindo ya jawo ragonsa, ragon yana lasar masa hannu. Baba ya yi bisimilla, ya yi kabbara. Ladidi ta waiga, babu Cindo. A bayan rumbu ta same shi yana sheshsheƙar kuka, jan ƙyallen a hannunsa. Aka kawo masa hanta, ya kawar da kai.

Sai ga bunsuru ya iso da ɗoyinsa, yana goga kai a jikin Ladidi. Cindo ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ke dai kin ji daɗi. Naki yana nan."

Ladidi ta durƙusa ta rungume abinta, ba ta ko toshe hanci ba.

Shi ya sa har yau, ko sabulun kasuwa kaf kuka ƙarar a kan bunsuru, tun daga nesa hancinku zai gaya muku ya iso.