Mai Injin Niƙa da Waƙar 'Yarsa

Akwai wani mutum mai injin niƙa a bakin kasuwa. Tun safe har yamma yana tsaye kusa da injin, yana niƙa wa mutane masara da dawa. Da farko ƙarar ta dame shi ƙwarai, kullum ya koma gida da ciwon kai. Matarsa ta ce, "Baban Tabita, ka nemi abin toshe kunne mana." Ya yi dariya ya ce, "Haba, zan saba."

Ya kuwa saba. Da shekaru suka tura, ƙarar ta daina damunsa sam, har yana fahariya da hakan. Sai dai ya fara gunaguni, wai mutanen yanzu ba sa buɗe baki idan suna magana!

Ran Kirsimeti aka ba 'yarsa Tabita waƙa ita kaɗai a coci. Ya sa sabuwar riga, ya zauna yana jira. Yana ganin bakinta na motsi, yana ganin mata suna share hawaye, amma ko kalma ɗaya bai kama ba. Abin ya yi masa zafi matuƙa.

Bayan biki ya tafi asibiti. Likita ya duba shi ya ce, "Baba, can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A ciki akwai 'yan gashi sirara da ido ba ya gani, suna tsaye kamar shinkafa a fadama, kowanne da saiwarsa kafe a 'yar ƙwayar halittar da ke ɗauke da shi. In sauti ya kaɗa ruwan sai su sunkuya, saiwar ta mai da su tsaye, saƙo ya kai ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kwantar da su, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa."

Mutumin ya ce, "Amma likita, ƙarar ta daina damuna."

Likita ya ce, "Waɗanda ke jin ta ne suka mutu. Akwai saura, ka tsare su."

Da ya dawo gida, Tabita ta zauna dab da shi ta sake rera waƙar. Ya ji rabinta, ya gode wa Allah.

Ma'anar wannan misali ke nan, 'yan'uwa. Allah ya sa mana kunne a zuciya, mai laushi, wanda saiwarsa ita ce addu'a da Maganarsa. Injin kuwa zunubin da muke tsayawa kusa da shi ne kowace rana. Ranar farko da ka yi ƙarya, ka kasa barci. Yau kana yi, zuciyarka ko gezau. Kada ka ɗauka ƙarfi ka yi, ji ne yake raguwa. Idan har yanzu wani abu yana sukar ka in ka yi laifi, ka yi murna, da sauran masu rai a ciki. Ka matsa daga injin tun yau, domin Ubangiji bai daina magana ba, a hankali dai yake yi.