Tagar da Ta Leƙa Gidan Suruki

Abdulbaqi ɗan Alhaji Isyaku na Jakara yana shekarar ƙarshe a jami'a, yana karatun zanen gine-gine. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, ban hana shi ba. Amma tun da ya fara yawo da naɗaɗɗun takardun zane a hammata, kowa a lungunsu ya zama jahili a idonsa.

An sa masa rana da Sa'adiyya, 'yar Malam Garba, maƙwabcinsu na jikin katanga. Alhaji Isyaku ya ce ya zana benen da za su zauna a saman soro. Sai gogan naka ya buɗe ƙatuwar taga daidai kan tsakar gidan surukinsa. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san ba a haka. Nan matan gida suke girki, suke wanki, suke kitso ba mayafi.

Mahaifiyarsa Hajo ta ce a juya tagar ta kalli lungu. Ya ce ta can iska take shigowa, kuma ita ba fanninta ba ne. Da gini ya kai linta, wato saman taga, Malam Garba ya tako da ƙafarsa, abin da suruki ba ya yi, ya roƙa ko a ɗaga ta ta wuce tsayin mutum.

"Baba, wanda bai taɓa riƙe rula ba ya bar wa masu ilimi," in ji marar kunyar, a gaban magina. "In matanku ba sa son a gan su, su shige ɗaki."

Dattijon ya juya gida. Bulo ya sayo, ya ɗora a kan katangarsa har ta rufe tagar ruf. Ranar da aka gama, ƙanin Malam Garba, Jibrin, ya yi sallama gidan Alhaji Isyaku, ya dire kayan sa rana a soro.

"A gaya wa injiniya," ya ce, "wanda bai ga mutuncin uwa ba, ba zai ga na 'yar ba."

Alhaji Isyaku ya ɗauki liman suka je ban haƙuri. Malam Garba har ya fara saukowa. Sa'adiyya ce da bakinta ta ce ta fasa, domin uwarta aka ce ta shige ɗaki.

Darasin a fili yake. Ba a takarda ake zaman gida ba, a cikin mutane ake yinsa. Kafin ka auna iska da haske, auna haƙƙin maƙwabci. Ilimin da bai koya maka ladabi ba, da hannunka zai sa ka rushe abin da iyaye suka gina maka.