Igiyar da Ta Kusa Kifar da Jirgi

Akwai wani mutum mai kwale-kwale, wanda ya gaji jirgi da igiya daga mahaifinsa. Tun yana ƙarami mahaifin ya koya masa abu ɗaya: duk inda ka tsaya, ka ɗaure jirgi tamau. Shekara talatin yana haka, kogi bai taɓa tafiya masa da jirgi ba.

Wata shekara ya loda dukan albasar da ya noma, ya nufi wata kasuwa can saman kogi, inda bai taɓa zuwa ba. A hanya ya iske madatsar ruwa. A gefenta an gina mashigi mai zurfi kamar rijiya, ƙofa a baya, ƙofa a gaba. Jirgi yakan shiga a rufe, a sako ruwa har ya ɗaga shi daidai da ruwan sama, sa'an nan a buɗe ya wuce.

Mai tsaron ƙofar, wani dattijo, ya leƙo daga bisa ya ce, "Ɗana, zura igiyarka a zoben ƙarfen nan na bango, ka riƙe ta a hannu. Kada ka ƙulla."

Ya ce, "To, Baba."

Amma da ƙofa ta rufe a bayansa, ya ga bango ta ko'ina, sai ya rarumi igiyar. Hannuwansa suka yi abin da suka saba. Ya ƙulla igiya, har sau biyu, bawan Allah.

Ruwa ya fara hawa, jirgi ya bi shi, zobe kuwa yana nan inda yake. Igiya ta ja gefen jirgi ƙasa, ruwa ya soma kwarara ciki, buhun albasa ɗaya ya faɗa ruwa. Ya laluba ƙullin, ya ji ya ƙi kwancewa.

Dattijo ya ɗaga murya, "Yanke ta!"

"Baba, mahaifina ne ya tufka ta da hannunsa!"

"Don ta tsare maka jirgi ya ba ka ita. Yanke, ɗana!"

Ya zaro wuƙa ya yanke, yana hawaye. Nan take jirgi ya daidaita. Da ƙofar gaba ta buɗe, dattijon bai yi masa faɗa ba, sai ya sauko ya taya shi kwashe ruwa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Mashigin nan lokacin jira ne, sa'ad da ƙofar baya ta rufe, ta gaba ba ta buɗe ba. Ruwan kuwa alherin Ubangiji ne, yana ɗaga mu ba tare da mun tuƙa ba. Ni ba na ganin laifin mutumin nan, tausayinsa nake ji, gama ni ma na sha ƙulla irin wannan igiya. Ba mugun abu ya riƙe ba, abin da ya taɓa tsare shi ne: tsohuwar dabara, wurin da aka saba. In Ubangiji ya fara ɗaga ka, ka kuma ji kana karkata, kada ka zargi ruwan. Duba inda ka ƙulla.