Jarumin da Ya Karɓi Sanda da Hagu

Akwai wani matashi mai suna Fa'iz da ke zaune da iyayensa a Stratford, a birnin London. Mahaifinsa, Dakta Maharazu, likita ne, kuma burinsa ɗansa ya gaje shi. Fa'iz kuwa sai ya karanci haɗa fim ɗin zane. Tun daga lokacin tsohon bai sake tambayarsa yaya karatu ba, ko ranar bikin kammalawa aiki ya tafi.

Fa'iz yana da aboki, Inusah, ɗan zangon Kumasi, wanda Allah ya hore wa hannun zane. Shekara guda suka yi suna haɗa anime nasu na kansu da Hausa, wato fim ɗin zane irin na Japan. Labarin wata duniya ce da ranarta ta tsage, saura kwana bakwai duhu ya rufe komai. Abokai biyu, Dokas da Mijinyawa, za su kai wata sanda ƙarshen ƙasa su ɗinke ranar, amma an rubuta cewa ɗaya ne kawai zai isa. Su kuma suka ce ba su yarda ba.

Da kashi na farko ya kammala, suka yi booking ɗin wani ƙaramin zaure don nuna wa jama'a. Abin mamaki, Dakta ya ce zai zo.

"Zan zo in ga abin da ka bar likitanci dominsa," in ji shi.

Daga nan kan Fa'iz ya fara girma. Ya ji wani malami yana cewa a fim jarumi daga hagu yake tafiya zuwa dama, shi kuwa Inusah ya zana su suna nufar hagu.

"Sai an juya hoton gaba ɗaya," in ji Fa'iz.

"Kar ka taɓa shi. Komai na zana da dalili."

"Malam, ni ne darakta. Kai zane kawai aka ce ka yi."

Inusah ya dube shi, ya ɗauki jakarsa, ya fita. Sati biyu ba kira, ba saƙo. Fa'iz ya juya fim ɗin kamar a madubi, ya manna masa fassarar Turanci saboda yaran da aka haifa a nan, ya ce ya gama.

Ranar Asabar, saura awa biyu a fara, yana gwada na'ura a zauren sai ga Mma Katumi, mahaifiyar Inusah, da kulolin waakye, shinkafa da wake irin ta Ghana. Ta yi alkawarin abinci tun kafin rigimar, ta ce faɗan yara bai shafi tukunyarta ba.

Ta tsaya tana kallon bangon da ake haska fim ɗin. A daidai lokacin wata tsohuwa a fim ɗin tana miƙa wa Dokas sandar.

"Kai, Fa'iz! Wannan yaro ba shi da iyaye ne?"

"Me ya yi, Mma?"

"Tsohuwa ya ba shi abu, ya karɓa da hagu! Ga shi nan kuma yana ci da hagu. Duka garin ba mai tarbiyya?"

Fa'iz ya matsa kusa da na'urar. Ya mayar da fim ɗin baya. Gaisuwa da hagu. Shan ruwa da hagu. Abokan nan biyu sun sa hannu a kwano ɗaya suna rantsuwar ba za su rabu ba, duk da hagu. Sau ashirin ya kalli fim ɗin nan, idonsa na kan launi da motsi, bai taɓa lura ba.

Ya san mahaifinsa. Ba zai yi faɗa ba. Zai tashi ne a hankali a tsakiyar fim, ya gyara hula, ya fita, shi ke nan.

Idan ya sake juya hoton, rubutun fassarar zai koma baibai. Idan ya sake fitar da fim ɗin daga tushe, kwamfutarsa sai ta ci awa biyar. Mutum ɗaya ne yake da na asali.

Ya kira. Sai a karo na uku aka ɗauka.

"Darakta, lafiya?"

"Inusah, na yi kuskure. Na raina ka, kuma ga shi na ɓata aikin. Don Allah ka yafe min."

"Mma ta gani ke nan?"

"Ta gani."

Inusah ya fashe da dariya har yana tari. "Ka gode Allah ita ce, ba babanka ba. Ina Whitechapel, bari in hau jirgin ƙasa na Elizabeth line."

Cikin minti arba'in ya iso da fim ɗin a aljihu. Suka zauna a ƙasa, kwamfuta a cinya, ɗaya na karanto layi ɗaya na saita fassarar. Mutane sun fara shigowa suna neman kujera lokacin da suka saita layin ƙarshe.

Dakta ya zauna a sahun gaba, ya harɗe hannu. Fa'iz bai kalli fim ɗin ba ko sau ɗaya, ƙeyar mahaifinsa yake kallo. Minti ashirin da biyu, tsohon bai motsa ba.

Da aka kunna fitila, Dakta ya yafito Fa'iz.

"Wa ya zana mutanen nan?"

"Ga shi nan, Abba. Inusah. Ba don shi ba da babu komai."

Dakta ya gyaɗa kai. "Allah ya yi muku albarka." Sannan ya rage murya. "To, amma a cikinsu wa zai isa? Dokas ne ko ɗayan?"

"Baba," in ji Inusah, "sai dai ka zo kashi na biyu."

"Ku ajiye min kujera."

Fa'iz ya jingina da bango, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Darasi: Duk iliminka, akwai abin da idon abokin aikinka yake gani naka bai gani ba. Idan ya ce kar ka taɓa, tambaye shi dalili kafin ka ɗaga masa murya. In kuma ka riga ka yi kuskure, nemi afuwa tun da sauran lokaci. Ku tura wa abokan tafiyarku, musamman wanda kuka daɗe ba ku kira ba.